Zafin rai ko riƙo: wace hanyar horon zuciya ta mabiya Buddha ce ta dace da irin fushinka?

A cikin tsofaffin nassosin addinin Buddha akwai labarin wata uwargida mai suna Vedehika, mutuniyar birnin Savatthi a arewacin Indiya. Duk garin an san ta da sanyin hali, kowa ka tambaya sai ya ce ai ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Tana da baiwa mai suna Kali, yarinya mai ƙwazo wadda ba a nuna mata aiki sau biyu. Wata rana Kali ta ce a ranta, anya uwar ɗakin nan tawa ba ta da fushi, ko kuwa aikina ne bai taɓa ba ta dalilin nuna shi ba? Sai ta makara da gangan. Uwargida ta ɗaure fuska. Ta sake makara fiye da na farko, aka balbale ta da faɗa. A karo na uku Vedehika ta zaro sakatar ƙofa ta rotsa mata kai. Kali ta fita jini na zuba, tana bi gida gida tana cewa ku zo ku ga aikin mai sanyin hali.

Buddha ya ba almajiransa wannan labari ne don su daina ruɗin kansu. Natsuwar da mutum ya samu a gindin bishiya, inda babu mai ce masa kanzil, ba a san nauyinta ba sai ranar da aka gaya masa maganar da ba ya so. Da wannan ma'auni zan auna hanyoyi huɗu da suka fito daga koyarwar Buddha waɗanda mutane ke nema yau saboda fushi: lura da numfashi, horon fatan alheri, tsarin malamin nan ɗan Biyetnam Thich Nhat Hanh, da zaman kwana goma na Vipassana. Ana yawan tallata su kamar abu ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, kuma wanda ya ɗauki wadda ba ta dace da ciwonsa ba zai ɓata watanni ya dawo yana cewa duk ƙarya ce.

Da Hausa akan fassara abin da zuzzurfan tunani, amma wannan suna yana karkatar da mutum. Kalmar da nassosin suka yi amfani da ita a harshen Pali ita ce bhavana, wato reno ko haɓakawa, kamar yadda manomi ke yi wa gona. Shi ya sa na fi son in ce horon zuciya. Mai fushi ba ƙarancin tunani ke damunsa ba, tunanin ne ma ya yi masa yawa. A koyarwar Buddha, tushen mugun aiki uku ne: kwaɗayi, ƙiyayya da ruɗu, kuma fushi ɗan ɗakin na biyun ne, wanda suke kira dosa.

Hausa ta riga ta raba mana fushi gida biyu, kuma wannan rabo shi ne mabuɗin zaɓin. Akwai mai zafin rai, wanda zuciya ke ɗiba nan take. Ɗan sahu ya goge masa mota, kafin ƙiftawar ido ya fito ya shaƙe wuyan rigarsa, bayan awa ɗaya kuma ya huce har yana jin kunyar kansa. Akwai kuma mai riƙo. Shi ba ya ɗaga murya, ƙila ma ya yi murmushi, amma maganar da ɗan'uwansa ya gaya masa ranar rabon gado shekara shida da suka wuce tana nan daram, yana juya ta duk dare. Na farko lokaci yake nema, 'yan daƙiƙu tsakanin tafasa da buɗe baki. Na biyu yana da lokaci har ya yi masa yawa, abin da ya rasa shi ne wata fuskar da zai kalli mutumin da ita.

Lura da numfashi, wadda ake kira anapanasati, maganin na farko ce. Ka zauna ka miƙe bayanka, ka ajiye hankalinka a kan shigar iska da fitarta, ko a bakin hanci ko a tashin ciki da faɗuwarsa. Ba a tilasta numfashin, kallonsa kawai ake yi. Ba za ka kai ƙirga goma ba hankali ya tafi kasuwa, sai ka lura ya tafi, ka dawo da shi. Wannan dawowar ita ce aikin gaba ɗaya. Sabon shiga yakan ɗauka ya kasa ne tun da hankalinsa ya gudu sau ɗari, alhali sau ɗarin nan da ya kamo shi su ne horon. Wani malamin ƙasar Bama, Mahasi Sayadaw, wanda ya rasu a 1982, ya shahara da ƙarin wata dabara a kai: duk abin da ya taso a kira sunansa a zuci. Ƙaiƙayi ya taso, ka ce ƙaiƙayi. Fushi ya taso, ka ce fushi, fushi. Ba ka kore shi ba, ba ka kuma bi shi ba.

A cikin hanyoyin huɗu wannan ce ta fi samun goyon bayan bincike. A 2007 Matthew Lieberman da abokan aikinsa a jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles sun sa mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suna nuna musu fuskokin masu fushi da masu tsoro. A dunƙule, in mutum ya zaɓi kalmar da ta dace da yanayin fuskar, sai motsin amigdala ya ragu, wato ɗan sashen nan na can cikin ƙwaƙwalwa da ke kaɗa ƙararrawar haɗari. Fuskokin wasu aka nuna musu, ba nasu fushin aka auna ba, don haka kada a ɗora wa binciken kayan da ya fi ƙarfinsa. Wanda ya fi shi nauyi shi ne na 2024, da Sophie Kjærvik da Brad Bushman na jami'ar jihar Ohio suka tattara bincike 154 da suka ƙunshi mutum fiye da 10,000. Suka ga abubuwan da ke sauke zafin jiki, irin su numfashi a hankali da zaman natsuwa, suna rage fushi. Abubuwan da ke ƙara tayar da jini kuwa a dunƙule ba sa rage shi, gudu ma ya fi kusa da ƙara shi.

Bushman ɗin nan tun 2002 ya rushe wata shawara da ake yawan bayarwa, wai a fitar da fushi a kan matashi ko buhun dambe don kada ya taru a ciki. Ya sa ɗalibai 600 suka yi rubutu, aka kushe musu shi da gangan har ransu ya ɓaci. Wasu aka ba su buhu su yi ta naushi suna tuna wanda ya kushe su, wasu aka ce su zauna shiru na minti 2. Masu naushin suka fito da fushi fiye da masu zama. Haushin kaza huce kan dami ashe ba hucewa ba ne, maimaita darasi ne.

Wanda yake son wannan hanya da malami da tsari, akwai shirin mako takwas da Jon Kabat-Zinn ya fara a 1979 a asibitin jami'ar Massachusetts a Amurka, wanda aka fi sani da MBSR. Shi masanin kimiyyar halittu ne da ya yi karatu a wurin malaman Buddha, sai ya tsame dabarun ya bar ibadar, don marasa lafiyar da ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ana haɗuwa sau ɗaya a mako na awa biyu da rabi, akwai yini guda na shiru wajen mako na shida, sannan aikin gida na minti 45 kullum. Wannan minti 45 ɗin ne ke kayar da mutane, ba wahalar darasin ba. A Amurka da Turai kuɗinsa kan kai ɗaruruwan daloli, ko da yake ana samun na kyauta a intanet da Turanci. A kuma sani ba don fushi aka tsara shi ba, don damuwa da ciwo aka yi shi, raguwar fushi riba ce da ke biyo baya.

Iyakar lura da numfashi a fili take. Tana sauke tukunya daga wuta, amma ba ta taɓa itacen. Mai riƙo zai iya yin wata shida yana ƙirga numfashi, ya zama ba ya faɗa da kowa a hanya, amma da an ambaci sunan ɗan'uwan nan sai ƙirjinsa ya ɗaure kamar jiya aka yi abin.

Shi wannan, horon fatan alheri ne nasa, wanda ake kira metta. Mafi cikakken bayaninsa yana cikin Visuddhimagga, littafin da malami Buddhaghosa ya rubuta a ƙarni na 5 a Anuradhapura ta Siri Lanka. Zahirinsa mai sauƙi ne: ka kawo mutum a zuciyarka, ka riƙa maimaita fatan ya zauna lafiya, ya rabu da wahala, ya rabu da ƙiyayya. Abin da ya burge ni a babin shi ne sanin halin ɗan Adam da ke cikinsa. Buddhaghosa ya hana a fara da maƙiyi, ya ce fushin ne kawai zai ƙaru. Ya hana a fara da wanda ake matuƙar so. Ya hana a keɓe mamaci. Ya kuma hana namiji ya keɓe mace ko mace ta keɓe namiji, don sha'awa za ta shigo ta yi shigar ƙauna, har ya kawo labarin wani ɗan babban gida da aka ce ya fara da wanda ya fi so, ya ɗauki matarsa, ya kwana yana dambe da bango. Jerin da ya shimfiɗa shi ne ka fara da kanka, sai malami ko wani da kake girmamawa, sai aboki, sai wanda ba ruwanka da shi, kamar mai sayar maka da kati a bakin titi. Sai zuciya ta yi laushi a kan waɗannan, ƙila bayan makonni, sannan a matso kusa da wanda ake riƙe da shi.

Ko a nan bai yi alkawarin za ta yi sauƙi ba. Ya jero abin da za a yi in an kai ga maƙiyin fushi ya taso, in wannan bai ci ba a gwada na gaba. A can ne ya kwatanta mai fushi da wanda ya ɗebi garwashi ko kashi da hannu don ya jefi wani, shi ne zai fara ƙonewa ko ya fara wari. Akwai inda ya ce ka tambayi kanka, da me kake fushi a jikin mutumin, da gashinsa ne, ko da faratansa, ko da ƙashinsa? Na gwada wannan, ni dai dariya ta ba ni, amma dariyar ma ta rage wani abu. Shawararsa ta ƙarshe, bayan duk dabarun zuci sun ƙare, ba ta zaman shiru ba ce sam. Ya ce ka ba mutumin kyauta, ko ka karɓi tasa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ƙwaryar goro ko tuwon sallah ke kashe gabar maƙwabta ya san malamin bai yi kuskure ba.

Wani misalin da na fi so daga Sariputta yake, babban almajirin Buddha. Ya ce akwai mutumin da aikinsa ba kyau, maganarsa ba kyau, amma jefi jefi wani ɗan alheri kan ɓullo daga gare shi. Ka yi da shi yadda matafiyi mai ƙishirwa zai yi in ya tarar da ɗan ruwa kwance a sawun kofaton saniya. In ya sa hannu ko ƙoƙo zai dama shi ya zama taɓo, don haka sai ya durƙusa da gwiwa da hannu ya kurɓa kamar saniyar. Wato ɗan alherin nan kaɗan ne, sai ka sauke girman kai kafin ka iya kaiwa gare shi. Wanda kuwa ba a samu ko ɗigo a wurinsa ba, sai a kalle shi kamar mara lafiya da ya faɗi a tsakiyar daji, nesa da gari gaba da baya.

Metta tana da illolinta. Ba ta da amfani a tsakiyar faɗa, babu wanda zai tsaya yi wa mai zaginsa fatan alheri jini na tafasa, in ma ya gwada munafunci zai ji yana yi. Tana da jinkiri, kuma makonnin farko kalmomin kan fito a bushe kamar karatun allon da ba a san fassararsa ba. Mafi muhimmanci, ga wanda ake zalunta yanzu haka, matar da ake duka ko ma'aikacin da ake danne wa haƙƙi, tana iya zama hanyar lallashin kai a ci gaba da zama cikin cuta. Yi wa mutum fatan alheri bai hana a kai shi gaban alƙali ba. Amma in an ga horon yana sa mutum yin shiru a inda ya kamata ya nemi ceto, gara a ajiye shi tukuna.

Hanya ta uku ta zauna ne a inda waɗancan biyun suka bar giɓi, wato fushin cikin gida, tsakanin mutanen da gobe ma tare za su tashi. Thich Nhat Hanh, wanda aka haifa a 1926 ya rasu a birnin Hue na Biyetnam a watan Janairun 2022, ba daga littafi ya san fushi ba. A lokacin yaƙin Biyetnam an kashe wasu daga cikin matasan da ke aikin agaji a ƙarƙashinsa, shi kansa ya yi shekaru kusan 40 ba a bar shi ya koma gida ba. A 1982 ya kafa cibiyar Plum Village a kudu maso yammacin Faransa. Koyarwarsa ita ce kada a yaƙi fushi, a ɗauke shi kamar yadda uwa ke ɗaukar jariri mai kuka, ta rungume shi tukuna kafin ta duba ko yunwa ce ko zazzaɓi. Yakan kuma ce in gidanka ya kama da wuta, kashe wutar ne a gaba, ba bin wanda kake zargi ya cinna ta ba.

Abin da ya bambanta tsarinsa shi ne wata yarjejeniyar zaman lafiya da ma'aurata ko 'yan gida ɗaya ke sa wa hannu tun ana dariya. Wanda ransa ya ɓaci ya yi alkawarin ba zai faɗi ko ya aikata abin da zai ƙara dagula lamari ba, zai je ya yi numfashinsa ko ya taka a hankali. Amma ba zai binne abin ba: dole cikin awa 24 ya sanar da ɗayan cewa ransa ya ɓaci, da baki in zai iya a natse, in ba zai iya ba ya rubuta a takarda. Sai a sa ranar zama a tattauna, yawanci yammacin Juma'a. Shi kuma wanda ya ɓata ran ya yi alkawarin ba zai yi ba'a ba, ba zai matsa a yi maganar nan take ba, in ya gane kuskurensa zai ba da haƙuri ba tare da kawo hujjoji ba. Wa'adin awa 24 ɗin nan, a ganina, shi ne mafi wayon abu a duk hanyoyin huɗu, domin shi ke hana zafin rai rikiɗewa ya zama riƙo. Matsalarsa ita ce sai mutum biyu sun yarda. Kuma an gina shi a kan mutanen da ke iya kallon juna su ce na yi fushi da kai. A gidan da kunya ta hana ɗa faɗa wa mahaifinsa haka, ko suruka ga uwar mijinta, sai dai a ɗauki ruhinsa a bi ta hannun wani babba. Tsakanin miji da mata, ko abokan kasuwanci, yana iya aiki yadda yake.

Saura wadda ta fi suna, ta kuma fi nauyi. S. N. Goenka ɗan kasuwa ne ɗan asalin Indiya da aka haifa a Mandalay ta Bama a 1924. Ciwon kai mai tsanani ne ya kai shi wurin Sayagyi U Ba Khin, wanda shi ne babban akantan gwamnatin Bama na farko bayan samun 'yanci, kuma malamin Vipassana. A 1969 Goenka ya koma Indiya ya fara koyarwa, a 1976 aka buɗe babbar cibiyarsa a Igatpuri, jihar Maharashtra. Ya rasu a 2013, amma har yau da muryarsa da hotonsa na bidiyo ake koyarwa a cibiyoyinsa na duniya, har da wadda ke garin Worcester a Afirka ta Kudu.

Tsarin ba wasa. Ana tada mutane ƙarfe 4 na asuba, a yi zama na kimanin awa goma a yini har ƙarfe 9 na dare. Ana karɓe waya, babu karatu, babu rubutu, babu magana ko da ta ido ce har safiyar rana ta goma. Maza daban, mata daban. Abincin babu nama, na rana ƙarfe 11, da yamma sabon ɗalibi shayi da 'ya'yan itace kawai zai samu. Kwana ukun farko numfashi ake kallo. A rana ta huɗu ake shiga Vipassana kanta, wato bin jiki daga tsakar ka zuwa yatsun ƙafa ana lura da duk abin da ake ji, zafi ko sanyi ko tsami, ba tare da an so shi ko an ƙi shi ba. Daga nan kuma sau uku a yini akwai zaman awa guda da ake ƙudurta ba za a motsa ba. Metta sai rana ta goma ake koyar da ita. Ba a karɓar ko sisi, tsofaffin ɗalibai ne ke ɗaukar nauyin sababbi da gudummawarsu.

Hikimar tsarin game da fushi tana da ƙarfi. Goenka yana cewa ba zagin ne kake mayar wa martani ba, abin da zagin ya haifar a jikinka ne, zafin da ya taso a ƙirji da numfashin da ya sauya. Wanda ya yi awa guda gwiwarsa na ci da wuta yana kallon ciwon bai motsa ba, ya koyi wani abu da jikinsa wanda wa'azi ba ya koyarwa. Wannan ne ya sa aka kai shi gidajen yari. Lokacin da Kiran Bedi ke shugabancin kurkukun Tihar a Delhi, an yi zama ɗaya a watan Afrilun 1994 da fursunoni kimanin 1,000, daga baya a 2002 aka fara shi a kurkukun Donaldson a jihar Alabama ta Amurka.

Duk da haka ba zan ba wanda bai taɓa zaman minti goma ba shawarar ya fara da nan ba. Kwana goma a takarda, kwana sha biyu ne in an haɗa da ranar isa da ranar tafiya, ga kuɗin jirgi ga mai zuwa daga nesa. Bayan an dawo ana so a ci gaba da awa ɗaya safe, awa ɗaya yamma, kuma wanda ya saki wannan, natsuwar kan zube cikin 'yan makonni. Shiru mai tsawo yana tono abin da aka binne. Willoughby Britton ta jami'ar Brown ta yi shekaru tana tattara bayanan mutanen da zama mai tsanani ya jefa cikin firgici, rashin barci ko dawowar tsohon tashin hankali. Su kansu masu shirya zaman suna tambayar tarihin lafiyar ƙwaƙwalwa a takardar neman shiga, kuma sun faɗa a fili cewa ba madadin magani ba ne.

Akwai kuma abin da dole Musulmi ko Kirista ya sani kafin ya cika takardar. Ƙa'idar zaman ta ce a dakatar da kowace irin addu'a da ibada har a gama, ta ambaci azumi da jan carbi da sunansu. A daren buɗewa kuma ana karanta kalmomin neman mafaka ga Buddha da koyarwarsa da jama'arsa. Goenka yana fassara wannan da cewa halayen ake nufi ba mutumin ba, ba kuma sauya addini ba ne. Ko an karɓi fassararsa, maganar barin salla na kwana goma tana nan, kuma ga mafi yawan masu karanta wannan ita kaɗai ta isa ta yanke hukunci. A wannan fuska hanyoyin sun jeru ne daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Lura da numfashi da MBSR babu kalmar ibada a cikinsu. Metta fata ce ba roƙon wani abin bauta ba, har wasu kan mayar da ita addu'ar alheri ga wanda suke riƙe da shi, abin da addininsu ya riga ya san da shi. Yarjejeniyar Plum Village ana iya yin ta a falo ba tare da an je kowace cibiya ba. Hukuncin halal da haram na malamai ne, ni nawa in faɗi abin da ke cikin kowane ƙunshi.

Wani zai ce, in dai wannan horo yana kashe ƙiyayya, me ya faru a Myanmar, wato Bama? Tambayar tana kan hanya. A ƙasar da ta fitar da Mahasi da U Ba Khin ne wani malamin Buddha mai suna Wirathu ya yi shekaru yana hura wutar ƙin Musulmi, kuma a 2017 'yan Rohingya fiye da 700,000 suka tsere zuwa Bangaladesh daga farmakin soja. Sanya jan mayafin malaman addinin Buddha ba shi ne horon ba, kamar yadda rawani ba shi ne tsoron Allah ba. Amma abin ya kuma nuna cewa natsuwa kaɗai ba ta gyara abin da mutum ya riga ya yarda da shi game da wasu. Nassosin da kansu ba su taɓa raba horon zuciya da kiyaye hali ba, kuma farkon dokokin halin shi ne kada a kashe rai.

Wani abu da na ci karo da shi ya tsaya mini a rai. A cikin wata huɗuba kan kwantar da mugun tunani, Buddha ya kawo misalin mutum mai sauri da ya tambayi kansa, saurin me nake yi, sai ya rage tafiya, sai ya tsaya, sai ya zauna, sai ya kwanta. Duk wanda ya yi makarantar Islamiyya zai tuna hadisin Abu Zarri da Abu Dawuda ya ruwaito, cewa mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta. A can misali ne, a nan umarni ne, kuma ba ina cewa ɗaya ya ɗauko daga ɗaya ba. Abin da ya sa na kawo shi shi ne da yawanmu mun haddace umarnin tun muna yara, amma a lokacin da ake bukatarsa ba ma tuna shi, sai bayan an fasa kofin. Giɓin da lura da numfashi ke cikewa ke nan: ta sa ka ji zuwan fushin tun yana bakin ƙofa, lokacin da zama zai yi amfani.

Saboda haka, da ƙanina ne ya zo yana tambaya, zan fara tambayarsa yaushe ya yi fushi na ƙarshe da kuma kwana nawa ya ɗauka. In ya ce jiya ne kuma ya huce kafin magariba, zan ce ya ware minti goma kullum a lokaci ɗaya tsayayye, wayarsa a wani ɗaki, ya yi wata guda yana kallon numfashinsa kafin ya yanke hukunci. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ranakun da ba abin da ya ɓata masa rai su ne ranakun aikin. In ya ce abin ya shekara, zan ce ya yi mako biyu a kan numfashin don hankali ya ɗan zauna, sannan ya bi jerin Buddhaghosa a hankali, kada ya yi tsalle zuwa ƙarshe. In da matarsa ne suke ta maimaita faɗa ɗaya, su zauna ranar da suke shiri su amince da wa'adin awa 24. Zaman kwana goma kuwa sai wanda ya riga ya saba, lafiyarsa ƙalau, ya kuma karanta ƙa'idar da idonsa ya ga zai iya.

In kuwa ya ce ya fara ɗaga hannu a kan iyalinsa, ko fushin na zuwa da rashin barci da shaye-shaye, ko ƙirjinsa na ciwo in ya harzuƙa, to ba zan tura shi ko ɗaya daga cikin huɗun shi kaɗai ba. Wani nazari da masu bincike na jami'ar Harvard suka fitar a 2014 ya nuna haɗarin bugun zuciya yana ninkawa kusan sau biyar a cikin awa biyun da ke bin fashewar fushi. Wannan sai ya fara ganin likita, a auna masa jini, numfashin ya biyo baya.